Yangoji: Kajin tsakar gida, asusun ma'aikaci, da ranar da ta dace a zaro wuƙa

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja ya san sunan Yangoji, ko da bai taɓa tsayawa ya sha ruwa a garin ba. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Kwali, tsakanin Gwagwalada da Abaji, kuma yana ɗaya daga cikin mazaɓu 10 da ƙaramar hukumar ta ƙunsa. Abin da matafiyi ke hangowa ta tagar mota bai wuce doyar da aka kasa a bakin titi ba, da tireloli masu nufar kudu. Sai wanda ya ratse ya shiga cikin unguwa zai ga dukiyar da ke yawo da ƙafarta: kaji suna tono a gindin mangwaro, uwa na jan 'yan tsaki zuwa inda aka sheƙe masara, zakara a kan katanga yana amsa carar na maƙwabta.

A wurin manomin garin wannan ba labari ba ne, haka ya tashi ya tarar. Wanda lamarin ya zama sabo a gare shi shi ne ma'aikacin da tsadar haya ko wurin aiki ya kawo wannan yanki, ya samu gida mai ɗan fili, ya fara tunanin haɗa akurki. A irin waɗannan gidaje kaza nama ce, asusu ce, kuma ita ce abin fita kunyar baƙo. Sai dai ribarta duka ta rataya a kan tambaya guda: wa ke zaɓar ranar da za a zaro wuƙa, mai kaza ko cuta?

Yadda albashi ya kai ma'aikaci ga akurki

Tun da aka mayar da fadar gwamnati Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, matsalar muhalli take bin ƙaramin ma'aikaci. Tsarin mayar da alawus na gida da mota zuwa tsabar kuɗi, wanda gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ɓullo da shi a 2003, da sayar da gidajen gwamnati da ya biyo baya, sun ƙara tura ma'aikata zuwa garuruwan kewaye irin su Nyanya da Kubwa da Kuje da Gwagwalada. Yankin Kwali kuwa yana da nasa cibiyoyin tarayya, kamar Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kwali da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda, ban da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da jami'an tsaro da ke zaune tare da iyalansu a garuruwan kan hanya. Abin da ma'aikaci ya rasa na kusanci da sakatariya, ya same shi a faɗin tsakar gida.

Daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya fara cinye kason cefane. A watan Yunin 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100. A watan Yulin wannan shekarar aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, maimakon Naira 30,000 da ake biya tun 2019, amma kasuwa ta riga ta yi gaba. Idan aljihu ya tsuke, nama ne ke fara barin tukunya, domin shinkafa da mai da gishiri ba su da madadi.

Kazar kanti ma ba ta zo da sauƙi ba. Tun 2003 gwamnati ta hana shigo da daskararrun kaji daga waje, wanda ake satar shigowa da shi ta kan iyaka kuwa babu mai iya ba da tabbacin kwana nawa ya yi a hanya babu sanyi. Wanda ya sayi na gidan gona mai kyau ya zuba a firji, shi kuma ya damƙa amanarsa ga wutar lantarki. A nan kazar gida ta yi wa kowa fintinkau: muddin tana numfashi ba ta buƙatar firji, tana nema wa kanta rabin abincinta, kuma tana hayayyafa tana jiran ranar buƙata.

Lissafin akurki

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa akwai kaji kimanin miliyan 180 a Najeriya, kuma kusan miliyan 80 daga cikinsu kiwon sake ne, wato irin waɗanda ke fita da safe su dawo da magariba. Kazar Hausa ba gwanar ƙwai ba ce. Takan yi saƙa kamar sau uku a shekara, kowace saƙa ƙwai 10 zuwa 15, ta kwanta a kansu kwana 21, sannan ta shafe makonni tana renon 'yan tsaki kafin ta koma. Kafin ɗan tsako ya isa yanka sai ya yi wata biyar ko shida. Kazar gidan gona mai nama kuwa mako shida zuwa takwas ya ishe ta.

Wanda ya dubi wannan kawai zai ce kazar Hausa ɓata lokaci ce. Amma kazar gidan gona da buhu take tafiya, abinci ne ke lashe mafi yawan kuɗin kiwonta, kuma ranar da buhu ya ƙare ranar asara ta fara. Ita kuwa ta gida tsaki da dusa da ragowar tuwo da gara da ƙwari sun riƙe ta. A gari irin Yangoji, inda ake noman masara da dawa da shinkafa da doya, abin da ya zube wurin casa da sussuka da ɓarza shi ne abincinta. Tsakanin waɗannan biyu akwai kajin da masana na cikin gida suka samar: Shika Brown ta Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi da ke Shika a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka yi domin ƙwai, FUNAAB Alpha ta Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta, da Noiler, wadda ta bazu a kasuwanni. Biyun ƙarshe suna iya kiwon sake kuma sun fi ta gida saurin girma, amma ba a dogara da su wajen kwanci, don haka mai su yakan koma sayen sababbin 'yan tsaki.

A ɗauki gida mai kaji mata uku da zakara ɗaya. Idan kowace ta kwanta a kan ƙwai 10 sau uku a shekara, ta ƙyanƙyashe takwas a kowane zubi, an samu 'yan tsaki 72. A kiwon sake abu ne sananne rabin 'yan tsaki su salwanta kafin su yi ƙwari, tsakanin shaho da shirwa da muzuru da sanyi da ruwan sama. Ko da hakan ta faru, saura 36, wato kaji uku a kowane wata. Gidan da ke iya yanka kaza biyu a wata, ya sayar da ɗaya ya sayi mai da kayan miya, ya samu ƙarin albashin da ba ya jiran sa hannun kowa. Wanda ya killace 'yan tsaki a kwando ko ƙaramin akurki na makonni huɗu zuwa shida na farko, yana ba su ruwa mai tsabta da tsaki, zai rage wannan asara ƙwarai. Hausawa sun ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Amma karin maganar bai hana mutum rufe ƙofar akurki da dare ba.

A mafi yawan gidaje kajin na mata ne da yara. Uwargida ce ta san wadda ta fara ƙwai, da wadda ta tsufa, da wadda za a sayar idan an koro yaro kuɗin jarrabawa. Sau da yawa daga kaji ake haura wa zuwa akuya. Don haka mai gida da ya dawo daga ofis ya nuna zakara ya ce a kama, ya kamata ya fara tambaya ko na wane ne.

Baƙon da ke zuwa da hunturu

Duk wannan lissafi yana iya rushewa cikin mako guda. Annobar da ta fi kashe kajin gida a Najeriya ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira cutar Newcastle, sunan wani birni a Ingila inda aka gano ta a shekarun 1920. Ƙwayar bairos ce ke haddasa ta, kuma ta fi tsananta da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Alamunta sanannu ne ga duk wanda ya taɓa kiwo: kaza ta takure ta saki fukafukai, ta riƙa buɗe baki tana neman numfashi, kashinta ya koma kore, wani lokaci wuyanta ya murɗe. Idan ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba, tana iya share shi kusan ƙarƙaf.

Ba iska kaɗai ke yaɗa ta ba. Lokacin nata ya zo daidai da hada-hadar ƙarshen shekara, sa'ad da kaji ke yawo daga ƙauye zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa gidaje, domin bukin Kirsimeti da sabuwar shekara. Mai kajin da ya ga ɗaya ta fara takurewa yakan kwashi sauran ya nufi kasuwa kafin su mutu a hannunsa. Mai saye ya ga araha, ya kawo gida ya sake ta cikin nasa. A gari da ke kan babbar hanya, inda kwandunan kaji ke wucewa dare da rana, wannan haɗari ya fi kusa.

Abin takaicin shi ne maganin yana nan, kuma a cikin ƙasa ake yin sa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana sarrafa rigakafin wannan cuta, har da nau'in I-2 da masana a Ostareliya suka samar musamman domin kajin ƙauye, saboda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ake yi wa kowace kaza a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Matsalarsa ɗaya: kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma idan an haɗa ta ba ta daɗewa. Shi ya sa ya fi dacewa maƙwabta su haɗa kai su yi rana guda. A maimakon haka, abin da aka saba gani shi ne a jira sai ciwo ya shigo, sannan a fasa kafson mutane a zuba a ruwan shan kaji, a haɗa da barkono. Irin wannan kafso ba ya kashe bairos. Abin da yake bari shi ne saurar magani a nama da ƙwai, wadda ke taimaka wa ƙwayoyin cuta su bijire wa magani a jikin ɗan Adam.

"A yanka ta kafin ta mutu"

Wannan jumla, wadda ake ji a gidaje da yawa idan kaza ta kwanta, ita ce wurin da tattali ke rikiɗewa ya zama ganganci. Dalilinta a fili yake: mushe haram ne, kuma asara da ciwo. Cutar Newcastle kanta ba ta cika yi wa mutum illa ba, iyakarta jan ido ga wanda ya yi hulɗa da kajin. Matsalar ita ce alamunta sun yi kama da na murar tsuntsaye, kuma babu mai iya rarrabe su da ido sai an kai ɗakin gwaji.

Najeriya ta san murar tsuntsaye. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. A farkon 2007 aka tabbatar da cewa cutar ta yi ajalin wata matashiya a Legas. Ta sake dawowa a 2015, sannan a 2021. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kusan rabin mutanen da aka tabbatar sun kamu da wannan nau'i tun daga 2003 sun rasu. Kamuwar ba ta da yawa, amma hanyar da ta fi bi ita ce hannun wanda ya kama kaza mara lafiya, ya yanka, ya fige, ya fasa cikinta. A gidajenmu wannan hannu na uwargida ne da 'ya'yanta.

Ƙa'idar a taƙaice take. Kazar da ta kwanta ciwo a ware ta. Idan ta mutu, a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa a bola ko a bar wa kare. Idan kaji suka fara zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, a sanar da jami'in lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma. Jami'ar Abuja ma tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi. Wanda ke gudun asara da gaske, tun watan Oktoba zai rage garkensa, ya yanka ko ya sayar da rarar zakaru suna da ƙoshin lafiya da ƙiba bayan kaka.

Ranar yanka

Gidan da ya san aikinsa tun daren jiya yake kama kazar, lokacin da ta hau wurin kwana, ba a tara yara da rana a yi ta tsere da ita har ta galabaita ba. A kife ta a kwando, a ba ta ruwa, a hana ta abinci na awa takwas zuwa 12, domin hanjinta ya yi sauƙi kada ya fashe wajen gyara. Wasu gidajen sukan ɗaure kazar sake na kwana biyu ko uku suna ba ta tsaba zalla, saboda ba a san inda ta yi tono ba.

A gidan Musulmi yanka ibada ce mai sharuɗɗa. A mazhabar Malikiyya, wadda littattafanta irin su Risala ta Ibn Abi Zaid ke hannun ɗalibai a wannan ƙasa tun da daɗewa, ana yanke maƙogwaro da manyan jijiyoyin wuya biyu ta gaba, ba a ɗaga hannu sai an gama, tare da ambaton sunan Allah, ana fuskantar da dabbar alƙibla. Hadisi ya yi umarni da a wasa wuƙa a kuma hutar da abin yanka, wato kada a azabtar da shi. Mai yanka yakan take fukafukan da ƙafa ɗaya, ƙafafun da ɗaya, ya riƙe kai, jinin ya zuba a ɗan ramin da aka tona a rufe da ƙasa. Ba a tsoma ta a ruwan zafi sai ta daina motsi gaba ɗaya.

Akwai gidajen da ake ajiye kaza tun safe ana jiran namiji ya dawo, ko a aiki yaro ya kai wa malamin unguwa. Wannan al'ada ce kawai. Malamai sun tabbatar da halascin yankan mace, kuma a Sahihul Bukhari akwai labarin baiwar Ka'ab ɗan Malik da ta yanka tunkiya da dutse mai kaifi, Manzon Allah (SAW) ya halatta cin naman. Ga matar ma'aikacin da ke fita da asuba ya dawo bayan isha'i, sanin wannan hukunci sauƙi ne babba.

Yankin Kwali gida ne ga Gbagyi da Bassa da Ganagana da Hausawa da Fulani da baƙi daga kowane sashe na ƙasar, Musulmi da Kirista. Wata kyakkyawar ɗabi'a da aka sani a garuruwan Arewa masu irin wannan cakuɗa ita ce Kirista ya kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa kazar Kirsimeti, domin idan an dafa a iya aika wa kowa. Da Sallah kuma kwanon ya dawo ta ɗaya ɓangaren. Zumunci da yawa a kan wuyan zakara aka ƙulla shi.

Yara kan shaƙu da kazar da suka rena tun tana tsako, har su sa mata suna. Sabo da kaza ba ya hana yanka, amma ba laifi ba ne a sanar da yaro tun da wuri, a kuma bar shi ya ga cewa naman da ke cikin miya rai ne aka karɓa da izini da ladabi. Yaron da ya tashi a bene a tsakiyar birni, wanda bai san kaza ba sai a leda, ya rasa wannan darasi.

Daga figa zuwa daddatsawa

Ruwan figa mai zafi ake so, ba tafasasshe ba, kamar digiri 60 a ma'aunin zafi. Idan ya tafasa fata za ta saɓule tare da gashin. A tsoma ta kamar minti ɗaya, a gwada cire gashin fiffike. Idan ya fita ba gardama, ta yi. Bayan figa sai a babbaka ta sama-sama a kan wuta, ƙananan gashi su ƙone, fatar ta ɗauki ƙamshin da ke bambanta farfesun gida da na otal. Sannan a goge da dusa ko lemon tsami a ɗauraye.

Wajen fasa ciki ne ake gane gwani. A fara tsaga fatar ƙasan wuya a zare jakar da abinci ke taruwa, sannan a buɗe ta ƙasan ƙirji a sa hannu a jawo kayan ciki gaba ɗaya ba tare da an huda hanji ba. A jikin hanta akwai maɗaciya, 'yar jaka koriya. Idan ta fashe, ɗacinta zai bi duk inda ta taɓa, don haka gara a yanke ta da ɗan gefen hantar. Ƙundu a tsaga shi, a zubar da tsakuwar ciki, a ɓare fatar nan mai ruwan ɗorawa. A cire huhun da ke manne da haƙarƙari, da ɗan ƙullutun maiƙo da ke saman bindi, wanda ke sa ƙarni. Nan ne kuma ake duba lafiyar kazar karo na ƙarshe: hanta mai lafiya sumul take, launinta ja mai duhu. Idan an ga ta kumbura ko ta yi fararen ɗige-ɗige, barin naman ya fi cin sa.

Ko lafiyayyar kaza tana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela a hanjinta, masu haddasa gudawa da zazzaɓi, musamman ga yara da masu ciki da tsofaffi. Don haka wuƙa da faranti da katakon da suka taɓa ɗanyen nama ba sa komawa kan tumatir ko kabeji sai an wanke su da sabulu, haka ma hannu. Gashi da hanji a binne su, kada a watsa wa sauran kaji. A zafin wannan yanki kuma, naman da aka gyara bai kamata ya yi ta zama a buɗe ba: ko tukunya nan take, ko sanyi.

Kowace kaza da tukunyarta

Kuskuren da aka fi yi a madafa shi ne a yi wa kowace kaza dahuwa iri ɗaya. Kazar gidan gona 'yar mako bakwai ce, ba ta taɓa gudu ba. Idan ta daɗe a wuta sai ta dagargaje. Tsohon zakaran da ya shekara biyu yana tono da faɗa kuwa jijiyoyinsa sun yi tauri, kuma wannan taurin shi ne sirrin daɗinsa, domin dogon dahuwa a ruwa ke narkar da shi ya zama romo mai kauri da ke kama leɓe.

Budurwar kaza da matashin zakara su ne na gashi da suya: a shafe da yajin ƙuli da man gyaɗa, a ɗora a kan garwashin da ya huce daga ruruwa, ana juyawa. Tsohuwar kaza da ta daina ƙwai ta farfesu ce. A zuba ta a tukunya da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri, ba tare da ruwa ba tukuna, a rufe a kan wuta kaɗan har ta fitar da ruwan jikinta ta shanye kayan. Sannan a tsayar da ruwa, a sa kimba da masoro da kanumfari da daddawa da attaruhu, a bar ta awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mai dafawa da gas, wanda ke jin kowane minti a aljihunsa, zai iya jefa yankan ɗanyar gwanda, domin tana da sinadarin da ke tausasa nama, ko ya mayar da tukunyar kan gawayi.

Romon farko kada a zubar. Shi ne gindin miyar taushe da kabewa da alayyafo da gyaɗa, ko miyar kuka, ko ta kuɓewa, a ci da tuwon masara ko na shinkafa, ko da sakwara tunda ƙasar doya ce. Kaza ɗaya a hannun mai dabara tana iya yin kwana uku: farfesun wuya da fukafukai da ƙafafu da dare, miya da cinyoyi washegari, ƙirjin kuma a yi dambu. Dambun kaza shi ne amsar magabata ga rashin firji: a dafa har nama ya saki ƙashi, a daka a turmi, a soya da yaji a kan wuta kaɗan har ruwan ya ƙone ƙurmus. Idan ya bushe sosai aka rufe shi da kyau yana daɗewa, kuma shi ne guzurin ɗalibi da na ma'aikacin da aka tura aiki wata jiha.

Ko wace irin dahuwa ce, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce zafi ya kai digiri 70 har cikin nama, wato kada a ga ja a jikin ƙashi, kuma dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba sanyi ba wuta. Miyar da ta kwana a tafasa ta sosai, ba a ɗan ɗumama ba.

Maganar tukunya a ƙasar Kwali ba ta cika sai an ambaci Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ta rasu a 1984, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20. Sana'ar da ta kai ta Turai da Amurka a tsakar gida ta samo asali, daga tulu da tukunyar miya da kasko. Tukunyar ƙasa tana ɗaukar zafi a hankali ta riƙe shi, abin da tsohuwar kaza ke buƙata ke nan. Idan ta fashe ma ba ta tashi a banza ba, ɓallinta ne ake zuba wa kaji ruwa, inda ƙadangare kan sha albarkacinsu.

Rabo da daraja

Kaza ƙarama ce, amma rabonta yana da tsari. A gidaje da yawa a Najeriya ƙundu na mai gida ne, cinya ta baƙo, kai da ƙafafu na yara, ƙananan ƙwayayen da aka tarar a cikin kaza kuma na wanda uwa ta ga dama. A ƙasar Hausa ango kan shiga ɗakin amarya da kazar amarci, mai jego da mai jinya ana yi musu farfesu, da Ƙaramar Sallah kuwa kaji ne ke ɗaukar nauyin da raguna ke ɗauka da Babba. A ce wa baƙo an yanka masa kaza ya fi a ce an sayo masa nama, ko da kuɗin ɗaya ne, domin an taɓa abin da aka rena.

Sai dai akwai abin dubawa a wannan tsari. Idan manyan yanka suka tafi kwanon manya, yaron da ke tsakiyar girma, wanda ya fi kowa buƙatar abinci mai gina jiki, ya ƙare da ƙashi. Haka ma ƙwai, wanda ake tara wa kwanci ko sayarwa, a hana yara. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, musamman a bakin ɗan shekara biyu.

Abin da ya rage

A watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, kuma mafi yawan muhawarar da ta biyo baya a kan shanu da makiyaya take. Kajin sake miliyan 80 ba su da ƙungiyar da za ta kai ziyara ofishin minista. Masu karanta wannan shafi da dama suna zaune a teburan da ake rubuta kasafi da takardun shawara. Samar da rigakafi mai jure zafi a kowace mazaɓa kafin hunturu, da horar da matasa da mata su riƙa bi gida-gida suna ɗigawa a kan kuɗi kaɗan, aiki ne da bai kai kuɗin gina mayanka ɗaya ba, amma zai taɓa tukwanen da babu wani shirin tallafi da ke isa gare su.

Shi kuma mai kaji, a Yangoji yake ko a Kuje ko a Bwari, kalandarsa gajera ce. Rigakafi kafin iskar hunturu ta taso, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Sabuwar kaza, ta kasuwa ce ko ta kyauta, ta yi mako biyu a ware kafin ta shiga cikin sauran. 'Yan tsaki a killace, akurki a share, mara lafiya a nisanta ta da wuƙa. Wanda ya kiyaye waɗannan shi zai riƙa tsayar da ranar yanka da kansa: ranar suna, ranar Sallah, ranar da surukai suka zo, ko ranar 25 ga wata da albashi bai shigo ba.